BAƘIN TSUNTSAYEN FADAMAR NGURU DA ANNOBAR KAJI: ABIN DA LIKITOCIN DABBOBI SUKA GANO

Daga Wakilinmu na Arewa

Kowace shekara da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya fara busawa, fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa sukan cika maƙil da baƙin tsuntsaye. Waɗansu agwagin ruwa ne da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha, suka ƙetare teku da hamada, suka sauka nan don su yi 'yan watanni suna kiwo. A nan sukan tarar da 'yan gida, watau su dinya da kirinjijiya da balbela, su cuɗanya a ruwa ɗaya har zuwa lokacin bazara, sa'an nan su koma inda suka fito.

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi waɗanda suka tashi a wannan yanki sun san haka tun suna yara. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, yau shekaru kusan ashirin ke nan likitocin dabbobi na gida da na waje suna bin sawun tsuntsayen nan, suna neman amsar tambaya guda: shin su ne ke kawo murar tsuntsaye, annobar nan da kan share garken kaji cikin kwana biyu ko uku? Amsar da suka samu ta shafi kowane mai sayar da kaji da zabi a Agege ko Sabo ta Badun.

FADAMA MAI SUNA A DUNIYA

Kogin Haɗejiya da na Jama'are su ne ke malala a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su haɗu su zama kogin Yobe wanda ya wuce ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Ambaliyar da sukan yi kowace damina ita ce abincin manoman shinkafa da masunta da makiyaya, ita ce kuma ke janyo tsuntsaye. Saboda yawansu ne aka keɓe tafkin Dagona a ƙasar Bade aka hana farauta a cikinsa, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filif, ya ziyarci wurin a 1989. A shekarar 2000 kuma tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

RANAR DA ANNOBA TA SAUKA

A 2005 wata muguwar murar tsuntsaye, wadda masana suka laƙaba wa lamba H5N1, ta kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a wani babban tafki na ƙasar Sin, daga nan ta yi ta yaɗuwa yamma har cikin Turai. A farkon 2006 sai kaji suka fara zuba a wata babbar gona a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Aka ɗebi samfuri aka kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, aka kuma aika da shi wani ɗakin bincike a garin Fadowa na Italiya. Ran 8 ga Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwa cewa ita ce, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka.

Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, can ma cikin tsuntsayen gida. A Nijeriya kuwa, daga 2006 zuwa 2008, ta shiga fiye da rabin jihohin ƙasar, aka yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya, waɗansu cutar ta kashe, waɗansu hukuma ta hallaka don a datse ta. Da farko Gwamnatin Tarayya ta yanke diyyar Naira 250 kan kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, shi ya sa masu kiwo da dama suka gwammace su yi shiru su sayar da sauran kajinsu da gaggawa. A watan Janairun 2007 wata mata 'yar shekara 22 ta rasu a Ikko, gwaji ya tabbatar cewa wannan cuta ce, ita ce kuma mutum na farko da aka tabbatar ta kama a ƙasar nan.

AKA SHIGA FADAMA DA RAGA

Nan da nan zargi ya koma kan baƙin tsuntsaye, ido kuma ya koma kan Nguru da Gashuwa. Masana na Jami'ar Badun da abokan aikinsu na Turai sun duba ƙwayoyin cutar da aka samu a gonakin kaji, suka bayyana a 2006 cewa ba sau ɗaya ta shigo Nijeriya ba, ta shigo ne ta hanyoyi dabam dabam har uku. Wannan ya dace da hanyar da tsuntsaye ke bi, amma bai wanke masu shigo da kaji da 'yan tsaki daga waje ba. Saboda haka ya zama dole a je a tambayi tsuntsayen su kansu.

Ga yadda aikin yake. Ana kafa raga a bakin ruwa da asuba ko da almuru, a kama tsuntsu da ransa, a sa ɗan tsinke mai auduga a shafo maƙogwaronsa da duburarsa, a jefa audugar cikin 'yar kwalba, a adana cikin sanyi mai tsanani har a kai ɗakin bincike, sa'an nan a saki tsuntsun. Akan kuma ɗebi samfuri daga sabon kashin tsuntsaye da kuma waɗanda mafarauta suka harbo. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyin irin wannan aiki a manyan fadamun ƙasashen Afirka da dama tun farkon 2006. Cikin dubban samfuran farko, kamar uku ko huɗu cikin ɗari ne aka samu da ƙwayar mura, ita ma marar ƙarfi, ba a kuwa sami muguwar H5N1 ko a tsuntsu ɗaya ba.

A watan Fabrairun 2007 masu binciken suka yi aiki a fadamar Haɗejiya da Nguru, a nan ne suka ci karo da abin mamaki. A jikin kirinjijiya da dinya, watau tsuntsayen Afirka ba baƙin Turai ba, sun sami wata ƙwaya mai lamba H5N2 wadda ke ɗauke da alamar nan ta ƙwayoyin da ke kashe kaji. Ba ita ce mai ɓarna a gonaki a lokacin ba, 'yar'uwarta ce. Tsuntsayen kuma lafiyarsu ƙalau, ba alamar ciwo. An goya wa wata kirinjijiya mai ɗauke da ƙwayar 'yar na'ura a baya wadda ke aika labarin inda take ta tauraron ɗan'adam, sai ga ta tana kiwo tana tashi tsawon makonni, har ta yi tafiya mai nisa. An buga sakamakon a 2008.

Ma'anar wannan a fili take. Agwagwar daji tana iya ɗaukar ƙwayar a cikin hanjinta ba ta ko sunkuyar da kai ba, ta zubar da ita cikin ruwa ta hanyar kashi, ƙwayar kuma tana daɗewa da ranta cikin ruwan sanyi irin na hunturu. Idan agwagin gida suka yi wanka a wannan ruwa suka koma gida da yamma, suka ci tsaba tare da kaji, to, an buɗe ƙofa. Ya kamata a tuna kuma cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har mutum da dabba da tsuntsu sukan matsu a kan ruwan da ya rage a buɗe.

TSUNTSU YA KAWO, MOTA TA RABA

To, amma fa kada a ɗora wa tsuntsayen daji laifin da ba nasu ba. Ko da su ne suka sauke ƙwayar a bakin fadama, binciken ya nuna cewa yaɗuwarta daga jiha zuwa jiha aikin mutane ne: kwandon kaji, kwalin ƙwai, buhun abinci, tayar mota da takalmin ma'aikaci. Tun 1930 da layin dogo ya isa Nguru, garin ke aika shanu da busasshen nama zuwa Kurmi, yanzu kuma manyan motoci ne ke ɗauko kaji da zabi da agwagi da tantabaru daga kasuwannin Arewa, su kuma koma da 'yan tsaki daga gonakin Kudu. Kasuwar da ake tara tsuntsayen garuruwa goma a rumfa ɗaya, a kwana da waɗanda ba a sayar ba, gobe a zuba sababbi a kansu, ita ce matattarar cuta. Da annobar ta dawo a farkon 2015, a Kano da Ikko aka fara ganinta kusan lokaci ɗaya. Ta sake tasowa a 2021.

Su ma namun daji ba su tsira ba. A 2006 an sami ƙwayar a jikin ungulu a Burkina Faso. A watan Janairun 2021 an tsinci gawar ƙwasaƙwasa kamar 750 a wata fadama ta arewacin Sanagal. A 2023 ta kashe dubban karnukan teku a gaɓar Kudancin Amurka, a 2024 kuma aka gan ta a jikin shanun madara a Amurka. Shi ya sa masana ke cewa lafiyar tsuntsun daji da ta dabbar gida da ta mutum igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kashe tsuntsayen fadama ko korarsu ba magani ba ne, sai ma ya warwatsa su zuwa wuraren da ba su saba zuwa ba.

KIRA GA 'YAN'UWA

Saboda haka, jama'a, abin da ya rage namu ne. Alamun cutar a jikin kaza su ne kumburin kai, tukku ya yi baƙi-baƙi, ƙafafu su yi jaja-jaja, ƙwai ya ragu, sai mutuwa farat ɗaya da yawa. Wanda ya ga haka a kwandonsa kada ya karya farashi ya rabu da kaya, ya sanar da malamin dabbobi mafi kusa ko shugaban kasuwa. Kada a yanka kaza marar lafiya, kada a jefar da mushe a juji inda ungulu da karnuka za su ci, a haƙa rami mai zurfi a binne. Sababbin kaya a ware su daga tsofaffi, a riƙa wanke kwanduna da rumfa, a wanke hannu da sabulu bayan yanka da fiɗa. Naman da aka dafa sosai da ƙwan da ya nuna ba su da haɗari, haɗarin yana wurin taɓa mai ciwo da figar gashinsa.

Idan kuma za ku aika saƙo gida Nguru ko Gashuwa ko ƙauyukan Bade, ku haɗa da wannan: a hana agwagin gida zuwa fadama a lokacin hunturu, mafarauci kada ya fige dinya a tsakar gida inda kaji ke tono, wanda kuma ya ga tsuntsayen daji sun mutu da yawa a bakin ruwa kada ya kwasa, ya kai labari ga ma'aikatan gandun daji ko na dabbobi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu da dukiyarmu, amin.