Faifan Goggo Da Katin Jikarta

Ina ɗan shekara takwas ko tara aka aike ni kai fura gidan wani malami a Wurno, ranar wata Juma'a. Don ɗokin in dawo in iske abokan wasa, sai na sunkuci ƙwaryar na nufi ƙofa, na bar faifan a kan tabarma. Ban kai zaure ba na ji muryar Goggo, ƙanwar mahaifina: "Kai, komo nan! Wa kag gani yak kai abu gidan mutane tsirara?" Ta shiga ɗaki. Ba ta ko kalli faifan da na bari ba, ta ciro wani sabo daga cikin waɗanda ke jere a bango, mai ratsin ja da baƙi, ta kifa a kan ƙwaryar, ta daidaita shi da tafin hannu, sannan ta ɗora mini a ka.

A lokacin na ɗauka saboda ƙura da ƙuda ne. Sai da na girma na gane abin ya wuce nan. Ƙwaryar da aka rufe, babu mai sanin ko cike take ko rabi, daga mai zaune a dakali har maƙwabciyar da ke leƙe ta katanga. Mai ɗan kaɗan ta aika da ɗan kaɗan ɗinta ba tare da jin kunya ba, wanda aka kai wa ya karɓa ba a san me ya samu ba. Faifan nan rufin asiri ne ga gida biyu. Shi ya sa duk lokacin da na ga 'yan matanmu na yanzu riƙe da almakashi suna naɗe kyauta da takarda mai ƙyalli, suna yanka katin gaisuwa da hannu, ba na ganin baƙon abu. Ina ganin aikin Goggo ne ya sake kaya.

Ɗinkin faifai a yankinmu, daga Wurno zuwa Goronyo, daga Rabah zuwa ƙauyuka irin su Tursa da Gandi, bai taɓa zama aikin rumfar kasuwa ba. Aikin tsakar gida ne, na bayan azahar, idan an gama daka an sauke tukunya, musamman da rani. Kaba ake samowa daga goriba, a shanya ta a inuwa don kada rana ta ƙona ta ta yi gautsi, a tsattsaga ta da farce ko 'yar wuƙa har ta zama sirara. Wadda za a rina a tafasa ta: karan dafi ya ba da ja, saiwar rawaya ta ba da ruwan ɗorawa, bagaruwa da kashin maƙera su ba da baƙi. Daga baya galura ta shigo ta kawo kore da shuɗi da algashi masu ɗaukar ido, yanzu kuma har da zaren buhu da ulu ake yi. Daga cibiya ake farawa. A haɗa 'yan siraran tsinkaye su zama ƙashi, a murɗa su kamar gammo, a riƙa huda zagayen baya da basilla ana zura jiƙaƙƙiyar kaba ana ja. Babu zane a gaban mai ɗinki, lissafin yana cikin kanta: ja bakwai, fari uku, baƙi biyu. Idan ta ɓata ƙirga ɗaya ba za ta gani nan take ba, sai ta yi zagaye uku ko huɗu sannan tauraron ya fito a karkace, kuma babu magani sai warwara. Na sha ganin Goggo ta warware aikin yini guda ba ta ce uffan ba.

Ba faifai kaɗai ba ne suturar kyauta a wurinmu. Goro tun daga Gwanja da Kurmi a cikin huhu yake zuwa, lulluɓe da faffaɗan ganye don kada ya bushe, kuma idan za a kai na sa rana ko na ɗaurin aure, ƙwarya-ƙwarya ake ƙirga shi, kowace ƙwarya goro 100, a rufe a ɗaure da mayafi. Kalmar lefe kanta sunan kwando ne na kaba, irin wanda mata ke zuba auduga a ciki. Kwandon ya ba kayan aure sunansa, har ya kai yau ana jera akwatuna ana ce musu lefe. Garar amarya, da alkaki da nakiya da dubulan, a fanteka da kwalla take tafiya a rufe. Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne marufin yana dawowa. Kwano da faifai ba a riƙe su, akan wanke a mayar, da ɗan tukwici a ciki ko a hannun ɗan aike. Faifai ɗaya sai ya zaga gida hamsin kafin bakinsa ya zare.

Jikar Goggo, 'yar ɗanta ta fari, ta gama sakandare tana zaune a gida tana jiran abin da Allah zai yi. A waya ta ga yadda ake yin kati, ta gwada da kwalin sabulu da tsohuwar kalanda, abin ya shiga ranta. Yanzu tana da wani tsohon gwangwanin biskit da ta tara kayan aikinta: almakashi biyu, reza, rula, gam, salatif, ƙullin zare kala-kala, da 'yan duwatsun ado irin na gyale. Kwali mai kyau da takardar naɗi sai an sayo mata a babbar kasuwar Sakkwato, ta ba direban da ya saba hanyar saƙo.

Na zauna kusa da ita wata la'asar ina kallo. Ta auna kwalin, ta ɗora rula a tsakiya, ta ja layi da bayan cokali ba da reza ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Baffa, in ba a yi mashi hanya ba, wurin ninkewa sai ya tsage." Ta ninke, ya kwanta sumul. Ta yanka wata farar takarda ƙarama da shi kaɗan, wadda ta riga ta tsoma a ruwan dafaffen ɓawon albasa ta danne ƙarƙashin katifa ta bushe, ta fito da launin ƙasa-ƙasa mai kama da tsohon littafi. A ƙasar da albasa ke cika fadamun gulbin Rima da rani, ɓawonta a banza yake zube a kasuwa. Idan tana son ja-ja sai ta jiƙa zoɓo. Gam ɗin da ake narkarwa da wuta, tun da lantarki ba shi da tabbas, a kan kyandir take ɗumama shi, kuma yatsunta biyu suna ɗauke da tabon ƙuna. Hunturu abokin gabarta ne, don ƙura na manne wa gam kafin ya kama. Da damina kuma kwali ya sha raɓa ya lanƙwashe.

Rubutun shi ne ƙarshe, kuma a nan take daɗewa. Idan na ƙawa ce, da boko take yi. Idan na dattijo ne ko malamar Islamiyya, sai ta fiƙe alƙalamin kara ta rubuta da ajami, ta kewaye shi da 'yan murabba'ai da igiyoyi masu sarƙe juna. Da na ga kewayen nan na san inda ta samo shi, ko da ita ba ta lura ba. Zayyana ce, irin wadda ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, a zana shi da ja da rawaya da kore, ɗalibi ya riƙe shi ranar walima, 'yan uwa su yi masa barka. Idan ana neman katin taya murna na hannu a ƙasar Hausa, allon zayyana ya riga kowa.

Takarda kuwa ba a saba wasa da ita ba a garin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno a matsayin ribaɗi ya zauna a cikinta, kuma a nan aka rufe shi a 1837, mutum ne na alƙalami. Wasiƙunsa da Shehu Laminu na Barno suna nan a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma a 1824 ya ba wani Bature, Kilafaton, wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Takardar da malaman wancan zamani suka yi rubutu a kai, yawancinta daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske, ta keto Sahara a bayan raƙumi ta Tarabulus ko Masar. Abin da ya sha wannan tafiya ba a yaga shi. Littafi ma ba a bar shi tsirara ba: a sa shi tsakanin tadarishi, a zura a gafaka ta jar fatar akuyar Sakkwato. Har yau tsofaffinmu idan suka ga takarda mai rubutu a ƙasa sukan sunkuya su ɗauka su soke ta a jikin danga.

Su Turawan da muka ga katin gaisuwa da takardar naɗi a wurinsu, nasu bai daɗe sosai ba. A 1843 wani ma'aikaci a Landan, Henry Cole, ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000 don ya huta da amsa wasiƙu ɗaya-ɗaya da hannu. Takardar naɗi mai zane kuma a 1917 ta kama kasuwa a Amurka, lokacin da 'yan gidan Hall, masu kamfanin da ya zama Hallmark, takardar da suka saba sayarwa ta ƙare musu suka fito da wata mai ado da ake lulluɓe cikin ambulan da ita. Wato katin shago an ƙirƙiro shi ne don rage wahala. Yarinyar da ke ɓata awa uku a kan kati ɗaya ta juya abin ta mayar da wahalar, kuma wahalar nan ita ce abin da mai karɓa yake riƙewa. Gaisuwar Sallah ta WhatsApp guda ɗaya ake tura wa mutum ɗari. Katin nan sunan mutum ɗaya ne a jikinsa.

Kuɗi dai ba ya shigowa ta kati. 'Yan Islamiyya masu walima, ƙawayen amarya, mai son kai barkar haihuwa, duk ba masu hannu da shuni ba ne, kuma rabinsu dangi ne da ba a iya yi musu ciniki. Inda ake samun na sabulu shi ne naɗin kayan lefe da na gara, kuma a nan ne nake da damuwa. Abin da ake yayi yanzu shi ne a jera turamen atamfa da takalma da turaruka a kan tire, a lulluɓe da leda garai-garai, a ɗaure da kintinkiri, a ɗauki hoto a watsa. Ana kiransa naɗi, amma bai rufe komai ba, ƙara fito da kayan yake yi. Wanda ya kawo turmi uku sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, uwar yarinya ta kwana da baƙin ciki, a je a ci bashin da za a shekara ana biya. Na faɗa wa jikar Goggo haka. Ta ce ita ma ba ta so, amma abin da masu biki ke nema ke nan, in ta ƙi su tafi wurin wata. Ban ga laifinta ba. Abin da na roƙe ta shi ne ta riƙa ajiye samfurin rufaffen naɗi a gefe tana nuna wa mutane, don akwai iyaye da yawa da ke neman wanda zai ba su wannan mafita ba tare da sun furta ba.

Kabar ma yanzu ba ta samuwa kamar da. Tun da rashin tsaro ya addabi gabashin Sakkwato, dajin da yara da mata ke shiga yankan kaba ya zama wurin tsoro, kuma wanda ya tuna harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ƙauyuka sun watse, masu ɗinkin da yawa suna zaman gudun hijira a gidajen dangi. Goggo tana da ɗan ƙullin rinanniyar kaba da take tattali kamar zinariya, idonta kuma ya rage gani, zagaye biyu take yi ta ajiye.

A ƙaramar Sallar da ta wuce, yarinyar ta tara abin da ta samu ta saya wa kakarta turmin atamfa. Ba ta sa leda ba. Ta sami takarda mai kauri ruwan ƙasa, ta naɗe shi tsaf, ta roƙi zare uku na jar kaba daga ƙullin Goggo ba ta faɗi abin da za ta yi da su ba, ta kitsa su ta ɗaure, ta soke kati a ƙarƙashin ɗaurin. Ta durƙusa ta ajiye a gabanta.

"Kishiya, mi na na kuma?" in ji Goggo.

"Ki buɗe ki gani, Inna."

Goggo ta shafa ɗaurin da yatsa ta gane kabarta. Ba ta yarda a kawo almakashi ba. Da farce ta kwance ƙullin, ta warware takardar a hankali ba ta yaga ko kusurwa ba, ta shimfiɗa ta a cinya ta goge da tafin hannu, ta ninke huɗu. Katin ta kai shi dab da ido, ta bi ajamin da yatsa tana motsa leɓe, ta daɗe a kan sunanta. Sannan ta ɗaga murfin kwallar da take ajiye kayan da ba ta so a taɓa, ta sa katin da takardar a ciki.

Da magariba ta kira wani ƙaramin jikanta, ta ɗora masa kwanon tuwon Sallah a ka ya kai ɗakin yayarsa. A kan kwanon akwai faifai mai ratsin ja da baƙi. Ta ce da yaron, "Ka ce mata kwanon ta maido, hwaihwan nata na."