Yadda takin zamani ke gurɓata ruwan sha a jihar Iowa ta Amurka

A watan Yunin 2025, hukumar samar da ruwa a yankin birnin Des Moines na jihar Iowa ta hana jama'a ban ruwan ciyawar gidajensu, domin injinan tace ruwa su iya shawo kan yawan sinadarin naitiret a kogunan Raccoon da Des Moines, inda birnin ke ɗiban ruwan sha.

Sinadarin na fitowa ne daga takin zamani da kashin dabbobi, waɗanda ruwan sama kan wanko daga gonakin masara zuwa koguna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita.

Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne suka fi fuskantar haɗari, musamman waɗanda ake dama wa madara da irin wannan ruwa. Sinadarin kan hana jininsu ɗaukar isasshen iskar oksijin, har fatarsu ta yi shuɗi, abin da kan iya kaiwa ga mutuwa.

Masana na gargaɗin cewa tafasa ruwan ba ya kawar da sinadarin, sai ma ƙara ƙarfinsa da yake yi.