Amsar gindin ƙwaƙwalwa ga sauti da alaƙarta da koyar da karatun Hausa

A shekarar 1971 Jewett da Williston suka bayyana a Amurka cewa idan aka buga wa mutum ɗan gajeren sauti a kunne, ana iya ɗaukar amsar jijiyar ji da gindin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da aka manna a goshi da bayan kunne. Amsar takan fito igiya-igiya cikin milisakan 10 na farko, watau kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ga matashi mai lafiyar kunne, da sauti mai ƙarfi, igiya ta I takan zo wajen milisakan 1,6, ta III wajen 3,7, ta V kuwa wajen 5,6. Ta mata takan ɗan riga ta maza. Da masu shekara 18 zuwa 25 ake kafa ma'auni, domin tsufa bai taɓa kunnensu ba tukuna.

Amfanin awon ga mai nazarin harshe shi ne ba ya bukatar wanda ake aunawa ya ce komai. Bagobirin Tibiri ko Bakatsinen Maraɗi da ya ce hwari inda Bakano zai ce fari, karin harshensa ya bi, kunnensa lafiya lau. Amma gwajin maimaita kalmomin Kananci zai iya lissafa masa wannan a kuskure. Igiyoyin ba ruwansu da karin harshe.

Sai dai awon yana da iyaka. Wancan gajeren sauti ya fi nuna ji tsakanin Hz 2000 da 4000, kusa da inda baƙaƙe irin su s, sh da ts suke. Karin sauti, wanda ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala, yana can ƙasa, wajen Hz 100 zuwa 250. Wannan sai da wani awo dabam, wanda Krishnan da abokan aikinsa suka yi amfani da shi a 2005 suka nuna gindin ƙwaƙwalwar masu harshen Sin ya fi na masu Ingilishi bin hawa da saukar murya.

Jihar Maraɗi tana cikin yankin sanƙarau, cutar da kan bar kurumta. Saboda haka wajen zaɓen matasan ma'auni, a birni ko a Jiratawa, tilas a ware wanda ya taɓa yin ta, da wanda ya daɗe yana aiki gaban injin niƙa.