Bishof Tugwell: Baƙon da Sarkin Kano Alu Ya Sallama a 1900

'Yan uwa ɗalibai, a darasin tarihi mun sha jin cewa Turawa sun ci Kano da yaƙi a 1903. Amma shekara uku kafin nan, wasu Turawa biyar sun shigo garin nan ba da niyyar yaƙi ba. Jagoransu shi ne Bishof Herbert Tugwell.

Da farko, wane ne bishof? A cocin Angilika, wadda asalinta daga Ingila ne, bishof shi ne babban limamin da ke kula da majami'u da limaman wani yanki. Shi ke naɗa sababbin limamai, yana kuma zagayawa don duba aikinsu.

An haifi Tugwell a Ingila a 1854, ya yi karatu a jami'ar Cambridge, sannan ƙungiyar mishan ta CMS ta turo shi Legas. A 1894 aka naɗa shi bishof, bayan rasuwar Bishof Hill. Yankinsa ya haɗa da ƙasar Yarabawa da garuruwan bakin kogin Kwara, inda Samuel Ajayi Crowther, bishof baƙar fata na farko a wannan coci, ya yi aiki kafinsa. An san Tugwell da yaƙi da fataucin barasar da 'yan kasuwar Turai ke jibgewa a Afirka ta Yamma, abin da ya jawo masa baƙin jini a wurin 'yan uwansa Turawa.

Babban burinsa shi ne ƙasar Hausa. A farkon 1900 ya taso daga Legas tare da mutum huɗu, cikinsu har da likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus ta ƙasar Libiya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu. A Kano kuwa labari ya sha bamban. Sarki Aliyu Babba, wato Alu, ya ƙi amincewa su buɗe makaranta ko asibiti, ya ba su 'yan kwanaki su bar gari.

Me ya sa? Sun zo ba tare da izini ba, kuma Kano gari ne mai malamai da makarantunsa tun ɗaruruwan shekaru. Ban da haka, a watan Janairun shekarar ne Lugard ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa, don haka duk Baturen da ya iso abin zargi ne.

Ayarin ya koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, kuma a 1929 mishan ya koma Wusasa. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a kai. Tugwell ya ajiye aiki a 1921, ya rasu a 1936.

Wannan tarihi yana taimaka mana mu fahimci abin da ya sa makarantun mishan suka fi yawa a kudancin Zariya da Filato, kuma iyaye da dama a Kano suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko. Yau a makarantun Tarauni da Gyadi-Gyadi, Musulmi da Kirista na zama a benci ɗaya. Sanin yadda kakanninmu suka fara haɗuwa zai sa mu daina yi wa juna kallon baƙi.