Shekara Shida: Lokacin da Yarinya Ke Fara Shakkar Basirarta

Tsakanin 1966 da 1977, wani mai bincike, David Chambers, ya sa yara 'yan makaranta kusan 5,000 a Amurka, Kanada da Ostireliya su zana hoton mai aikin kimiyya, ba tare da an ambata musu namiji ko mace ba. Da aka tattara takardun, 28 kacal ne suka zana mace, kuma dukansu 'yan mata ne. Babu malamin da ya tsaya gaban allo ya koya musu haka. Sun tsinta ne a hotunan littafi, a talabijin, da hirar manya.

Haka kuɗin goro yake shiga zuciya: a ɗauki hali ɗaya a jingina wa jama'a guda, mata haka suke, ƙabila kaza haka take, a daina kallon mutumin da ke tsaye a gabanka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda abin ke kama yaro da wuri. A 2017 mujallar Science ta buga binciken Lin Bian, Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian. Sun ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira, suka nuna musu hotunan maza biyu da mata biyu, suka ce su nuna wanda ake nufi. 'Yan shekara biyar, maza da mata, kowa jinsinsa ya fi zaɓa. Da aka zo kan 'yan shekara shida, sai 'yan matan suka fara ja da baya. Kuma da aka kawo wasa aka ce na masu tsananin basira ne, sha'awarsu ta ragu, alhali wasan da aka ce na masu ƙoƙari ne ba su guje shi ba. Yarinyar da ba ta gama famfarar haƙori ba ta riga ta rufe wa kanta ƙofa, kafin wata jarrabawa ta kayar da ita.

Binciken na Amurka ne, amma kunnuwanmu sun san maganganun. "Karatun mace a kicin zai ƙare." "Lissafi sai maza." Ɗa namijin ma bai tsira ba, wanda aka raina da "namiji ba ya kuka" shi ne magidancin da zai haɗiye damuwa har ta kwantar da shi.

Abin yana gyaruwa. Masu bincike a Jami'ar Northwestern sun sake duba irin wancan zane a 2018, suka ga daga 1985 zuwa 2016 kimanin kashi 28 cikin ɗari na yara mace suka zana. Yara sun ga mata a fagen, sai alƙalaminsu ya canza.

Don haka wa'azi kaɗai ba zai wadatar a aji ba, sai an nuna. Mu kuwa ba sai mun yi aro ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. Ɗalibar aji biyu ta cancanci sanin wannan kafin wani ya gaya mata iyakarta.

Sai malami ya duba nasa hannun. Wa yake ba tsintsiya kullum, wa yake naɗawa monita? Wa yake kira allo idan lissafi ya yi tsauri? Idan kuma yaro ya ce mutanen gari kaza duk macuta ne, kada a yi dariya, kada a ɗauko bulala. A tambaye shi: su nawa ka sani, kuma wa ya gaya maka? A bar shi ya lissafa da yatsunsa a gaban 'yan ajin.