Ɗakin kilisa na tamfol da rumfar dokinmu

Duk wanda ya girma a Arewa ya san doki. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Geceme, ba a hawan salla ko tarbar babban baƙo ba tare da dawaki ba. Mai doki kuwa ya san ba a barin doki a turke kullum. Sai an kai shi kilisa, ya motsa jini, ya saba da linzami. Mu a nan filin kilisa ba ya yi mana wuya. Ka ɗaura sirdi da sassafe, ka fita bayan gari, shi ke nan.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Kanada da arewacin Amurka da Turai, in sanyi ya shigo, ƙanƙara takan rufe ƙasa wata uku ko huɗu, wani wurin ma fiye. Ƙasa ta yi santsi. Doki in ya zame yana iya karya ƙafa. Ga rana ba ta daɗewa take faɗuwa. Shi ya sa mutanen can suke hawan doki cikin ɗaki. Wannan tsohuwar dabara ce. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai wani babban ɗakin kilisa da aka gama ginawa a 1735, har yau ana horar da dawaki a cikinsa. Amma irin wannan ginin sai sarakuna.

Daga baya aka samo hanya mai sauƙi. Ana kafa ƙarafa masu lanƙwasa kamar baka, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Sai a ja tamfol mai kauri a bisansu, a ɗaure shi tam kamar fatar ganga. Tamfol ɗin na roba ne da aka saƙa, galibi fari. In ka hango ɗakin daga nesa sai ka ce tanti ne na biki, amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ƙaramin filin horar da doki yana da faɗin mita 20 da tsawon mita 40. Mu yi lissafi: 20 sau 40, mita murabba'i 800 ke nan. Babban filin kuma mita 20 ne da mita 60. Rufin yakan yi tsawo ƙwarai, don mahayi yana bisa doki, wani lokaci ma dokin yana tsallake shinge.

Abu biyu suka sa masu dawaki na can suke son wannan ɗaki. Na farko, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ƙarafan gefe su ke ɗauke da rufin duka, doki ba zai yi karo da komai ba. Na biyu, hasken rana yana ratsa farin tamfol. Da rana ba a kunna fitila, kuma hasken ba ya jefa baƙar inuwa a ƙasa. Wanda ya taɓa hawan ɗanyen doki ya san amfanin wannan, don doki dabba ne mai saurin firgita. Inuwa ma in ta gitta masa ba zato sai ya zabura. Ban da haka, kafa ɗakin ba ya ɗaukar lokaci kamar ginin siminti, kuma ana iya kwance shi a kai wani wuri.

To, ya dace da mu? Bari mu duba da kyau, don ba duk abin da ya yi kyau a garin wasu yake yi a namu ba.

Su sanyi suke gudu, mu kuwa zafi. A watan Afirilu da Mayu zafi a Dogon Dutsi yakan wuce digiri 40. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, kamar mutum. Gumin kuwa sai iska ta bi ta kansa sannan ya yi amfani. In ka rufe doki cikin roba ta kowane gefe, iska ba ta shiga, ka dafa shi da ransa. Baƙar leda ta fi muni, don tana shan zafin rana.

Sai maganar iska. Kowa ya san guguwar farkon damina, wadda take zuwa da jar ƙura kafin ruwa ya sauka. Kwanon da aka buga da ƙusa ma tana yaye shi. Tamfol mai faɗin mita 20 in ya ɗauki irin wannan iska, ƙarfin da yake ja da shi ba kaɗan ba ne. Ko can inda suke da gwanayen gini abin yakan faru. A watan Mayu na 2009, a jihar Tekzas ta Amurka, iska ta kada wani ƙaton ɗakin tamfol da ƴan ƙwallo suke motsa jiki a ciki, mutum 12 suka ji ciwo. Ga kuma kuɗi. Ƙarafan da tamfol ɗin duk daga waje ake kawo su, kuma rana tana cin roba, wata rana sai an sake sabo. A ganina, wanda yake da irin wannan kuɗi a Arewa gara ya sayi harawa da dawa, ya gyara rijiya.

Amma fa kada mu yar da abin duka. Masu waɗannan ɗakuna sun yi nazarin abin da doki yake so, kuma akwai abin da za mu ɗauka ba tare da mun kashe ko dala ba.

Sun fi damuwa da ƙasar da doki yake takawa. Sukan daddale ƙasa ta yi tauri, sannan su zuba rairayi a bisa, kaurinsa kamar santimita 5 zuwa 8, wato faɗin yatsu uku ko huɗu. In ƙasa ta cika tauri, kofato da gaɓoɓi suna wahala. In rairayi ya cika zurfi, ƙafa tana nutsewa, jijiyoyin ƙafa su gaji, har su kumbura. Mu muna da iri biyun duka. Ga jar tsakuwa a gindin duwatsu, ga rairayi mai zurfi cikin Dallol Mawri. Yara sukan so sukuwa cikin rairayi don ko sun faɗi ba su jin ciwo. Dokin ne yake biyan bashin. A nemi wuri tsaka-tsaki, a tsince duwatsu, a cike ramuka. Su kuma sukan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, saboda ƙura tana sa doki tari. Mu da ruwa yake da tsada, sai mu yi kilisa da sassafe ko da yamma lis, kuma a lokacin hunturu mu rage ta ranar da hazo ya yi yawa.

Game da inuwa kuwa, rumfarmu ta kara da zana ta fi roba sanyi. A ɗaga ta sama, kamar mita 3, don doki in ya ɗaga kai kada ya buga. A bar gefe a buɗe iska ta wuce, a tare gabas kawai, inda ruwan sama ya fi bugowa. Wanda yake da tamfol yana iya shimfiɗa shi bisa karan da damina don hana yoyo, ya ɗaure shi sosai da igiya. Tamfol mai kaɗawa yana tsorata doki. A riƙa kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa daga turke kullum, don danshi yana ruɓar da kofato. Ruwan sha kuma kada ya yanke. Da bazara doki yana iya shan lita 40 ko fiye a yini.

Akwai lokacin da rufe doki yake da amfani. Wasu ƙananan ƙwari, waɗanda ba su kai sauro girma ba, suna cizo da magariba da asuba, musamman da damina da bayanta. Su ke yaɗa wani mugun ciwon dawaki na Afirka. Dokin yakan yi zazzaɓi, saman idonsa ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya, wani har kumfa ta fito ta hanci. Mafi yawan dawakin da suka kamu ba su tashi. Hayaƙin da iyayenmu suke yi kusa da turke da dare yana rage ƙwari. Raga mai ƙananan ido, wadda iska take ratsawa, ta fi. Akwai kuma allurar riga-kafi, sai a tambayi ma'aikacin dabbobi.

Amma ciwon da numfashi yake yaɗawa, cunkoso cikin ɗaki ƙara shi yake. A 2019 wata mura ta kama jakai da dawaki a Nijar da maƙwabtanta, dubban jakai suka mutu. Saboda haka dokin da ya fara tari da majina a raba shi da sauran, a ba shi turkensa da bokitinsa daban. Wanda aka sayo daga kasuwa shi ma a ɗaure shi gefe kamar sati biyu kafin a haɗa shi da na gida.