Moustapha Alassane: Mutumin Tahoua da ya sa kwaɗi kokawa a fim

A Barmou, kamar sauran garuruwan Adar, za ka tarar da yara sun yi cincirindo kan wayar salula guda suna kallon katun, kusan duk na ƙasashen waje. Da wuya ka ji wani ya faɗa musu cewa a nan Tahoua ɗaya daga cikin magabatan wannan sana'a a Afirka ya zauna.

Shi ne Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Ouagadougou a watan Maris na 2015. Ya fara aiki da Jean Rouch a Yamai, sannan ya je Kanada inda ya ƙaro ilimi wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da "Bon Voyage Sim", zanen barkwanci kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Ba sai an faɗa maka da wa yake ba.

Amma inda haƙurinsa ya fi bayyana shi ne fim na 'yan tsana. Za a tsayar da 'yar tsana a ɗauki hoto, a ɗan motsa hannunta, a sake ɗauka. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa guda, ke nan minti ɗaya kan kai hoto 1,440. Da wannan dabarar Wes Anderson ya yi "Fantastic Mr. Fox" a 2009, daga littafin yara na Roald Dahl na 1970, da babban kamfani a bayansa. Shi kuwa Alassane tun 1977 ya yi "Samba le Grand" da 'yan tsanar da ya haɗa da hannunsa. Daga baya ya yi "Kokoa", wato kokawa, inda kwaɗi da wasu dabbobi ke kece raini a fili. Duk wanda ya taɓa zama kallon kokawar neman takobi zai gane su nan take.

A Tahoua otel ya buɗe, ya mayar da wasu ɗakunansa wurin aiki. A 2017 gidan tarihi na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinansa. Yau mai son kallonsu zai fi saurin samu a can fiye da a Barmou, alhali "Kokoa" gajere ne, ba zai gagari wayar da yaran nan ke rububi ba.